Mega Nawa Ne Waƙa? Yadda Shafin Intanet Zai Iso Tagris

A kasuwannin ƙasar Dakoro, daga Sakabal zuwa Kornaka har Soli Tagris, akwai rumfar da ba ta rabo da jama'a, wato ta mai cajin waya. Faifan sola a bisa rufi, batir a ƙasa, wayoyi jere kan tebur kowace da 'yar shaidarta. Sau da yawa mai rumfar yana da sana'a ta biyu. Mutum zai zare memori daga wayarsa ya miƙa, ya ce a zuba masa Shata da Ɗanƙwairo, a haɗa da wa'azi, a ƙara sababbin waƙoƙin Kano saboda yara. Kafin ya gama cinikin gishiri an cika masa, ya biya 'yan canji, ya kama hanyar ƙauye ko ruga. Kafin kasuwa ta zagayo, waƙoƙin nan sun shiga wayoyin maƙwabta da na abokan kiwo, kuma babu wanda ya taɓa intanet.

Yanzu ga samarinmu da suka yi karatu a Maraɗi ko Yamai suna sha'awar buɗe shafin intanet na ƙashin kansu, su zuba waƙoƙin makaɗan garinsu da yadda iyayensu mata ke girki. Niyya ce mai kyau, balle tun da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, alhali abin karantawa da Hausar Nijar a intanet bai taka kara ya karya ba. Sai dai wanda ya gina shafi a inda rezo ke cike, ya gwada shi a babbar waya, zai iya shekara bai san cewa mutanen da ya yi dominsu ba sa iya buɗe shi ba. Dalili kuwa nauyi ne, don haka daga nan ya kamata a faro.

Waya ba ta san harafi ba, ba ta san murya ba, lamba kawai ta sani. Duk abin da ke cikinta da bait ake auna shi. Harafin boko ɗaya bait ɗaya ne. Bait dubu shi ne kilobait, kilobait dubu shi ne megan nan da ake saye ana kukan ta ƙare, mega dubu kuma giga ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne bait biyu yake ci a tsarin da ake kira UTF-8, kuma mai gina shafi sai ya rubuta a samansa cewa da wannan tsari ya yi aiki, in ba haka ba wata wayar ta nuna masa tarkace a gurbinsu. To, bayanin yadda ake fura daga surfe har damu, in ya kai kalmomi 300, bai cika kilobait 2 ba. Ke nan mega ɗaya tak za ta ɗauki irinsa 500.

Sauti ba haka yake ba. Idan makaɗi ya taɓa tsirkiyar gurmi, iska ce ke girgiza har girgizar ta iso kunne. Makirfo yana mai da girgizar wutar lantarki mai hawa da sauka, na'ura kuma ta riƙa auna hawan da saukar tana ajiyewa da lambobi. A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka kawo kasuwa a 1982, ana yin awon sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo bait biyu, kunnen dama da nasa, na hagu da nasa. An kai awon har haka ne saboda kunnen ɗan Adam yana jin girgiza har zuwa wajen 20,000 a sakan, kuma ƙa'idar aikin ita ce awo ya ninka abin da ake son kamawa sau biyu, da ɗan ɗori. In ka buga lissafi, minti ɗaya ya haura mega 10. Waƙar Shata mai minti 20 ta tashi mega 200 da wani abu. Da a haka aka tsaya, da rumfar mai tura waƙa ba ta samu ba.

Masu binciken cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne a kan gaba wajen samo mafita a farkon shekarun 1990, kuma a 1995 aka raɗa wa fayil ɗin suna mp3. Dabarar tasu ta dogara ne kan raunin kunne. Idan aka daki ganga da ƙarfi, ƙaramar ƙarar da ta zo tare da bugun, ko jim kaɗan bayansa, kunne ba ya kama ta ko da makirfo ya kama. Haka idan sauti biyu masu kusancin kaifi suka haɗu, mai ƙarfin yakan danne raunanan. Manhajar da ke matse waƙa tana yanka ta gutsi-gutsi, ta duba kowane gutsure, ta ƙiyasta abin da kunne ba zai ji ba, ta zubar da shi ko ta rage kulawar da take ba shi. Abin da ya saura, a matsin da aka fi sabawa da shi, bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asali ba, wato kusan mega ɗaya a minti. Waƙar minti huɗu mega huɗu, memori mai giga huɗu waƙa wajen dubu. Kuma ana iya matsewa fiye da haka. Murya ɗaya da gurmi ɗaya da aka ɗauka da waya a zaure ba sa bukatar kunne biyu, rabin mega a minti ya wadatar, ba wanda zai ce an rage masa komai.

Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san cewa kowane kwafi yana cin wani abu daga sautin, har a kai ga wanda hurrr ɗinsa ta fi waƙar ƙarfi. Fayil ba ya haka. Ko ta Bluetooth aka tura, ko ta Xender da ke haɗa waya da waya kai tsaye ba tare da cin mega ba, lambobin ne ake kwafewa ɗaya bayan ɗaya, na ɗari daidai yake da na farko. Inda sauti ke lalacewa shi ne wajen sake matsewa: a ciro waƙa daga bidiyo, a mai da ita mp3, wani ya ɗora ta kan hoto ya sake yin bidiyo, wani ya sake cirowa. Kowane zagaye manhaja tana sake zubar da wani abu, har kalangu ya koma kamar ana buga shi a ƙarƙashin ruwa.

Amma babbar asarar da ke cikin wannan tafiya ta hannu da hannu ba ta sauti ba ce, ta suna ce. Duba memorin kowa ka gani: Track 01, ko jerin haruffa da lambobi irin wanda WhatsApp ke liƙa wa sauti, ko kuma sunan mai rumfar da lambar wayarsa a inda ya kamata a ga na mawaƙi. Shata ba ya ɓata, muryarsa ta ishe shi shaida. Mai gurmin ƙauye da zabiyar biki su ne ke ɓacewa, waƙarsu ta kai Agadas ta kai Kano ba a san mai ita ba.

Maƙwabtanmu na jihar Tawa suna da misali a hannu. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa gita da hagu, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, Anar, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa suka saba da shi. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Waya ce ta ba waya har suka tsallaka Mali. A Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana tattara waƙoƙi daga memorin mutane, ɗaya daga waƙoƙin Mdou ta faɗo hannunsa, ta shiga faifan da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Sai da ya sha cigiya kafin ya gano masu waƙoƙin don a raba kuɗi da su. Bayan shekara goma kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa Afrique Victime, Mdou Moctar kuma yana zagaya duniya da gitarsa. Shi an yi dace an bi sawunsa. Sauran fa?

A nan ne shafin intanet ke da aikin yi, kuma sai an san yadda yake tafiya kafin a san aikin da ya dace da shi. Shafi ba wani abin al'ajabi ba ne, fayil ne na rubutu da aka yi wa alamomi: wannan layi kanu ne, wannan sakin layi ne, nan a sa hoto, nan in an taɓa a tafi wani wuri. Alamomin su ne HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, bayan shawarar da ya rubuta a 1989. Da manhajar rubutu ta cikin waya ma ana iya rubuta shi. Fayil ɗin yana bukatar kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, wadda ke miƙa shi ga duk wanda ya nema, ita ake kira sabar. Kowace sabar tana da lambarta, amma da yake ba mai iya haddace lambobi, sai aka yi tsarin sunaye. Mutum ya yi rajistar suna, mai ƙarewa da .com, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya, a rubuta cewa sunan nan na lamba kaza ne. In ka buga sunan, wayarka ta fara tambayo lambar, sannan ta aika wa sabar cewa a ba ta shafi.

Bi wannan aike ka ga nisan da yake ci. Daga waya a Tagris ya hau eriyar kamfani, ko Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, wanda dai ya kama a wurin. Daga eriya zuwa eriya har ya faɗa igiyar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa. Dakoro kanta kimanin kilomita 120 take daga Maraɗi. Nijar ba ta da teku, saboda haka sai ya ratsa maƙwabta kamar Benin ko Najeriya ya kai gaɓa, ya shiga igiyoyin ƙarƙashin ruwa, ya ɓulla Turai ko Amurka inda galibin sabobin suke, amsa kuma ta biyo hanya ta dawo. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin igiyoyin nan, SAT-3 da WACS da ACE da MainOne, suka samu matsala a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, intanet ya tsaya ko ya yi rarrafe a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ranar nan waƙar da ke memori ba ta san an yi ba.

Kuma ba sau ɗaya ake wannan kai da kawo ba. Fayil ɗin farko yakan ce a ɗauko hoto kaza, a ɗauko salon haruffa daga wata sabar, a ɗauko talla daga wata. Kowanne tafiya ce da dawowa. Matsakaicin shafi a duniya yau ya wuce mega 2. A inda waya ke nuna harafin E a sama, wato tsohon rezo na 2G, in an samu kilobait 12 a sakan an gode Allah. Mega 2 ke nan kusan minti uku, in rezo bai yanke a tsakiya ba. Waƙar mega huɗu ta haura minti biyar. Bayanin furar nan kuwa, in rubutu ne zalla, kafin ka ɗaga ido ya sauka.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a gina wa mutanen Tagris shafin da za a riƙa saurare kai tsaye, kowane saurare da cin megarsa. Shafin da zai yi amfani a nan rumbu ne. Ba a zama cikin rumbu a ci tuwo. Mutum ɗaya ke hawa ya ɗebo damin da za a sussuka, gida duka su ci. Mai rumfar caji, ko ɗalibin da ya je Dakoro ya samu rezo mai ƙarfi, shi zai sauke fayil sau ɗaya, memori da Xender su yi sauran aikin da suka fi kowa iyawa. Abin da ake so daga mai shafi shi ne kowace waƙa ta zama abin saukewa da taɓi ɗaya, a rubuta nauyinta a gefe don mutum ya san abin da zai kashe, kada komai ya fara kaɗawa da kansa. Sannan a sa suna a wuri biyu. Na farko a sunan fayil: mawaƙi, waƙa, gari, shekara. Na biyu a cikin cikinsa, domin mp3 yana da wani ɗan gurbi da ake kira ID3 inda ake rubuta waɗannan bayanai, kuma ko an sauya sunan waje na cikin yana nan yana bin waƙar duk inda ta je. Cike gurbin nan aikin minti ɗaya ne, amma shi ne bambancin shafinka da memorin kasuwa.

Girki ya fi waƙa wuyar sha'ani, don kowa bidiyo yake so, a ce gani ya kori ji. Minti ɗaya na bidiyon da babbar waya ta ɗauka, in ba a matse ba, yana iya cin mega 60 ko fiye. A tambaya tukuna, me ido ke bukatar gani a aikin fura? Ana surfa gero, a bakace, a wanke, a bar shi ya tsane. A daka shi da citta da kanumfari da barkono, a tankaɗe. A yayyafa ruwa a dunƙula manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya dahu a tsame a mai da turmi a kirɓa da zafinsa, ana ɗan yayyafa ruwa, har ya yi laushi da danƙo, sannan a cura a barbaɗe da gari don kada ya manne, a dama da nono in an tashi sha. Duk wannan baki yana iya faɗa. Har dalilan ma baki ne ke faɗarsu, ba kyamara ba: dahuwa ce ke sa garin ya kumbura ya kama jikinsa, shi ya sa in tsakiyar dunƙulen bai nuna ba furar takan yi gari-gari a baki, in kuma aka bari ya huce kafin kirɓi ba ya haɗuwa yadda ake so. Wuri ɗaya ko biyu ne ido ke da aiki, kamar girman dunƙule da kamannin ƙullun idan kirɓi ya kai. Hoto biyu sun isa, kuma hoton da ya fito daga waya da mega uku, in aka rage faɗinsa daidai fuskar ƙaramar waya, yakan dawo kilobait 100 ko ƙasa. Cuku ne zan yarda a yi wa ɗan gajeren bidiyo, domin yadda ake shimfiɗa shi siriri kan 'yar tabarmar kara kafin a shanya aikin hannu ne da bayani ba ya kamawa.

Sai dai manya da yawa a ƙasar nan, musamman mata a karkara, ba sa karanta boko, kuma su ne masu ilimin girkin. Don haka kowane rubutu ya zo da muryarsa. Magana ta fi waƙa sauƙin matsewa nesa ba kusa ba. Tsarin Opus, wanda saƙon murya na WhatsApp ke aiki da shi, yana iya ɗaukar minti ɗaya na magana garau a kilobait 200 ko ƙasa. Inna ta yi bayanin minti biyar da bakinta, duka mega ɗaya. Wanda ke rubutawa kuma ya tambayi awo, don ɗiyar da ke aure a Yamai ko ɗan ci-rani a Aljeriya ba sa tsaye kusa da turmin: rabin tiya ce ko tiya guda, citta nawa, furar mutum nawa za ta fito. “Ki zuba daidai” magana ce ta wadda ta riga ta iya.

Ina za a ajiye shafin? Shafi irin wannan, na rubutu da hotuna kaɗan, akwai masu karɓarsa kyauta, kamar GitHub Pages da Neocities, waƙoƙin kuma ana iya ɗora su a Internet Archive, wadda ke adana kayan intanet tun 1996, a jawo su daga can. WordPress da Blogger sun fi sauƙi ga wanda ba ya son rubuta HTML, amma sai ya zaɓi fuska marar kwalliya, don kwalliyar ce ke kawo nauyi. Suna mai .com yakan ci dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, abin da bai kai jikka goma ba. Kuɗin ba shi ne wahala ba, biyan ne, domin kamfanonin waje katin banki suke nema, sai an bi ta hannun wani a birni. In shekara ta zagayo ba a sabunta ba, sunan ya kuɓuce, wani na iya saye. A rubuta ranar a wurin da ba za a manta ba, kuma mutum na biyu amintacce ya san kalmar sirri.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga Facebook ga TikTok, can jama'a suke. Gaskiya ne, kuma a can ya kamata a yi shela. Amma ajiya daban, shela daban. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, sun salwanta wajen sauya sabar. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 da shafukan mutane a ciki. Gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mai shafin kansa, in fayilolinsa na hannunsa a memori biyu da ke gida biyu, ko an rufe masa nan gobe ya buɗe can. Kuma ya ajiye asalin ɗaukar da ba a matse ba, matsattsen ne na rabawa.

Kafin a ce an gama, a gwada shafin da ƙaramar Itel ko Tecno irin ta mutanen gari, a bayan gari inda sandar rezo ɗaya ce, a duba mega nawa ya ci. In ya wuce rabin minti bai buɗe ba, a koma a rage.

Saura magana ɗaya, wadda ba ta na'ura ba ce. Waƙar da aka yi a gidan biki ko a bakin rijiya, an yi ta ne don waɗanda ke wurin. Mai gurmi yana da haƙƙi a kan waƙarsa, a Yamai ma akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, da aka kafa don haka. Tsohuwar da ta ba ka sirrin furarta ita ma tana da ta cewa, kuma mai yiwuwa ba ta san cewa abin da ya hau intanet ba ya saukowa ba. Ka zauna ka yi mata bayani: “Inna, muryarki za a ji har Kano da Makka, kuma ba zan iya maido ta ba.” Ka tambaye ta sunan da take so a sa, da ko ta yarda da hoto. Kada ka sa lambar wayar kowa sai shi ya ce a sa, in kuma wani alheri ya shigo ta dalilin waƙa, ka kai wa mai ita rabonsa. In ta ce a'a, to ɗaukar ta tsaya a wayarka, kada ka ɗora, kada ka tura.